Rakiyar Bahago

Duk wanda ya tashi a unguwar da ke bayan tashar manyan motoci ya san abin da ake nufi da rakiyar Bahago. In ka raka baƙo ka wuce ƙofar gida, ka wuce bakin titi, ka ƙi juyawa, sai ya ce maka ya isa haka, kada ka yi masa rakiyar Bahago. Yaron da ya maƙale wa uwarsa har bakin banɗaki Bahago ne. Mijin da ke bin matarsa kasuwa Bahago ne. Har akuyar da ta taɓa bin mai ita wurin aiki ba ta tsira ba. Abin haushin shi ne mai sunan yana nan da ransa, kunnensa garau, gidansa ma a tsakiyar unguwar yake.

Bakanike ne, kuma birki kaɗai yake gyarawa. Yana da sunan yanka kamar kowa, amma tun yana koyon aiki maigidansa ya ga da hagu yake kama sifana, ya laƙaba masa Bahago, daga nan na yankan ya kwanta. Garejinsa rumfar kwano ce a kan tudu, daidai inda titi ke fara gangarawa zuwa gada. Gangare ne mai tsawo, ga wata muguwar kwana a tsakiyarsa, duk motar da ta yi lodi a tasha kuma ta nan za ta bi. A goshin rumfar akwai allon ƙarfe da ya rubuta wa sunansa da kansa, harufan sun ɗan kwanta gefe guda kamar yadda rubutun hagu yakan yi.

To ga abin da ya jawo masa magana. Kowane bakanike in ya gama ɗaure taya, sai ya ce wa direba ya taka birki ya ji, ya karɓi haƙƙinsa, an rabu ke nan. Bahago kuwa sai ya wanke hannu da fetur, ya goge a tsumma, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya hau ya zauna abinsa, ya ce a je. Da shi za a sauka gangaren nan, ga kaya maƙil a bayan mota. Yakan dafa tafin hannunsa a gaban motar, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma ta jikin bango, ba ya magana, ba ya kuma son a yi masa. In an kai gada lafiya ya ce a tsaya, ya sauka, ya yi wa direba fatan isa lafiya, ya juyo ya hau tudun da ƙafa. In kuwa ya ji wani abin da bai kwanta masa ba, to direba ya shiga uku, domin sai an juyo da motar an sake kwance komai, ko da mai kaya yana can yana tsalle.

Direbobin nan daga ko'ina suke zuwa, kowa da yarensa, kuma babu yaren da ba a zagi Bahago da shi ba. Sun zage shi da wanda ya sani, sun zage shi da wanda bai sani ba. Wasu su ce ɗaukar kansa yake ɗan sandan hanya, wasu su ce yawon shan iska yake so a bagas. Kafin ya hawo tudun yana haki, waɗanda ke jiransa sun gaji sun koma rumfar maƙwabta. Wani direba da haƙurinsa ya ƙare ya taɓa ritsa shi, ya ce don Allah ya faɗa masa dalilin wannan wahala. Bahago bai ko ɗago daga ƙarƙashin motar ba ya ce, “Ni na ɗaura shi. In zai saki, ya fara saki ina ciki.”

A gida ma bai sha da daɗi ba. Mama, matarsa, ta yi mita har ta gaji. Ta ce sa'o'insa duk sun rushe rumfunansu sun gina na bulo, sun sa ƙofar ƙarfe, shi kuwa abin da ya tara a duniya tsofaffin takalma ne da dugadugansu suka cinye ta gefe ɗaya. Ta ce ko ita da ta haifa masa 'ya'ya bai taɓa raka ta kamar yadda yake raka ƙartin maza ba. Shi dai ya yi murmushi, ya tsoma ƙafafunsa a ruwan ɗumi, ya tambaye ta ko da sauran abinci. Amma fa duk mitar nan tata a cikin gida take tsayawa. Wata mata ta taɓa yi mata ba'ar a bakin famfo, da ƙyar aka raba su.

Babbar 'yarsa ita ta fi kowa shan abin. Uwata yake kiranta, kuma tun tana ƙarama ita ke kai masa abincin rana. Sau da yawa takan tarar ba ya nan, ya tafi rakiya, sai ta zauna a kan tsohuwar taya tana jira a tsakiyar direbobi. A wannan zaman jiran ta tsinci yarukansu, ta fara da zagi, don shi ta fi ji, sannan ta kai ga gaisuwa da ciniki da labarin hanya. A makaranta kuwa da an tashi sai yara su jeru a bayanta suna tambayarta ko yau har gada za ta kai su. Ta yi dambe a kan sunan nan ba sau ɗaya ba, ta yaga riguna, an yaga nata. Tana son ubanta kamar ranta, amma ta tsani yadda sunansa ke fita daga bakin mutane, kuma ba ta taɓa iya raba abu biyun nan a zuciyarta ba.

Da ta girma, yarukan da ta tsinta a kan taya su suka ba ta aiki. Babban asibitin gari ya ɗauke ta tafinta, ta tsaya tsakanin marasa lafiya da wata likitar ƙashi da ta zo daga wata ƙasa mai nisa. Kowa a asibitin Tafinta yake ce mata. Abin da ya fi ba ta wuya a aikin ba sunayen cututtuka ba ne, sunayen mutane ne. Tsohuwa za ta ce surukinta Fir'auna ne, ko ta ce ɗan ƙanenta ya zama Ƙaruna ya daina gaishe ta. Waɗannan da sauƙi. Amma sai wani ya zo daga can wani gari ya kira sunan marowacin garinsu da ya mutu tun tuni, ya ce ai ɗansa wane ne sak. Dole ta tsaya ta tambaya wane ne wanen, me ya yi, kafin ta san abin da za ta faɗa wa Likita. Ita ma Likitar haka take, in ma'aikaci ya gano inda famfo ke yoyo sai ta kira shi da sunan wani gwanin bincike na ƙasarsu, a bar Tafinta da neman kwatankwacinsa. A hankali ta lura kowane yare yana da mutanensa da yake ajiye a aljihu, da jaruminsa da marowacinsa da maƙaryacinsa. In ta tuna cewa na unguwarsu ubanta ne, kuma na dariya ne, sai ranta ya ɓaci.

Tudu dai ba ya tsufa, mai hawansa ne ke tsufa. Gwiwoyin Bahago suka fara ƙara, suka kumbura, har ta kai ko tsugunno ba ya iyawa. Ya miƙa wa Auta, ɗansa namiji, sifanu da jak da makullin akwatin kaya, ya koma zaman kujera a ƙofar gida da sanda a gefensa. Auta gwani ne, wannan ba mai musu, hannunsa ma ya fi na uban sauri. Sai dai tun ranar farko ya ce shi kam ba zai raka kowa ba, zamani ya wuce nan. Motoci suka ƙaru a rumfar, Mama ta samu sauƙin cefane.

Allon ne ya tsaya wa Auta a wuya. Ya ce duk direban da ya karɓi motarsa sai ya leƙo ta taga ya tambaye shi ko ba zai hau ba, a yi ta dariya. Ya ce yana so ya nemi aure ba tare da an ce ga ɗan mai rakiya ba. Ya sayo gwangwanin fenti da burushi ya ajiye a bayan ƙofa, ya kasa faɗa wa uban, sai uban ne ya gani ya gane. Tafinta tana gidan ranar, ta zo duba ƙafar tsohon. Ta zaci zai yi faɗa, har ta gyara zama don ta taya shi. Sai ta ji ya ce a goge, ranar hutun mako in ba motoci. Ya ce ya daɗe da sanin sunan nan ya zama abin wasan yara, shi ya riga ya saba, amma bai ga dalilin da zai sa 'ya'yansa su yi gadon abin kunya ba. A hankali ya faɗa, yana kallon sandarsa. Ba ta taɓa jin ya kira aikinsa abin kunya ba, abin ya soke ta har ta kasa cin abinci.

Ana saura 'yan kwanaki a goge allon, aka kira ta ɗakin masu karaya. Akwai wani magini a wurin, dattijo mai faɗin kafaɗa, mutumin can bakin teku, wanda ya faɗo daga saman gini ya karye a cinya. Likita ta yi masa aiki ta sa ƙarfe, ranar kuma ita ce ta farko da zai taka ƙafar. An kawo masu ƙarfi biyu su riƙe shi, amma Likita ta ce su matsa. Ita da ba ta kai kafaɗarsa ba, sai ta shiga ƙarƙashin hammatarsa, ta ɗora hannunsa a wuyanta, ta ce Tafinta ta gaya masa ya saki nauyinsa duka, in ƙafar ta ƙi, tare za su zube. Magini ya taka, ya ƙara takawa, zufa na zuba, ƙafa ta riƙe. Da aka mayar da shi gado ya nuna Likita da yatsa, ya yi doguwar magana da yarensu, a tsakiyar maganar sai ga sunan ubanta ya faɗo.

Tafinta ta tsaya cak. Lafazin ya ɗan karkace a bakinsa, amma shi ne, ba ta da shakka. Abin da ya fara zuwar mata fushi ne, ta ce a ranta wato ba'ar har bakin teku ta kai, kuma yau Likita za a yi wa. Ta daure ta tambaye shi me yake nufi. Ya yi mamakin yadda ta iya yarensu amma ba ta san wannan ba. Ya ce a wurinsu bahago shi ne wanda in ya yi maka aiki yake sa kansa a ciki kafin ya sa ka. Shi magini ne, in ya zuba rufin siminti, ranar da za a cire katakan da suka tokare shi, shi ke fara tsayawa a ƙarƙashi, mai gida yana waje yana kallo. Da haka ya samu ake ce masa bahago, kuma ya fi son sunan nan da duk abin da ya mallaka. Ya ce ba kowa ake ba wa ba, kuma bai zaci zai tarar da bahago mace a asibiti ba.

Likita na jira a juya mata. Tafinta, da take juya maganar mutuwa ba ta ko ƙifta ido, yau sai da aka sake tambayarta. Daga ƙarshe ta bayyana mata ma'anar, Likita ta ji daɗi, ta ce su ma suna da wani suna da suke ba irin wannan mutumin, ta tambaya ko wannan bahagon wani sarkinsu ne na da. Tafinta ta ce a'a, mai gyaran birki ne, yana nan da rai, gwiwa ke damunsa. Ta fita baranda ta tsaya tana tuna direbobin bakin teku da suke zama a rumfar, waɗanda wallahi sun fi kowa zagin ubanta. Ashe in sun koma gida wani labarin suke bayarwa.

Da ta faɗa wa uban a gida bai yarda ba. Ya ce ta ga ransa ya ɓaci ne take so ta lallashe shi, shi ba yaro ba ne. Mama ta ce ai kuwa sai ya je ya ji da kunnensa, ta ɗauko masa rigarsa ta fita, ta ce in bai tashi ba ita za ta je a madadinsa ta karɓo yabon, tunda ita ta sha ɗumama ruwan ƙafa. Washegari Tafinta ta sa shi a motar haya, ya shiga asibitin yana dogara sanda yana ƙunƙuni, ta zaunar da shi a kujera kusa da gadon Magini. Ta gabatar da shi da alfahari, ta ce ga Bahagon da kansa.

Magini ya dubi tsohon, ya dubi sandar, ya fashe da dariya har sai da ya dafe cinya. Ya ce yarinyar nan akwai barkwanci. Bahago ai ba mutum ba ne, kalmarsu ce, tun yana saurayi yake jinta a bakin manya, ta kakanninsu ce. Ya ce in tsohon nan sunansa ke nan, to iyayensa a wurinsu suka ara, kuma sun yi zaɓe mai kyau. Tafinta ta ji jini ya hau mata kai. Ta fara jero masa tasha da tudu da gada da direbobin garinsu, shi kuma yana girgiza kai yana cewa sam. Uban bai ji yaren ba, amma ya ga fuskarta, ya taɓa ta da sanda ya ce ta faɗa masa abin da mutumin ya ce, kada ta rage komai. Ta faɗa masa tana huci.

Sai ya ce ta tambayi Magini su wa da wa ake kira haka a garinsu. Magini ya gyara kwanciya, abin ya zo masa daidai. Ya ce akwai mai sassaƙa kwalekwale da shi ke fara haye ruwa da sabon da ya sassaƙa. Akwai wata mai haɗa magani da take fara kurɓa kafin ta ba jariri. Ya ce in uba zai kai ɗansa koyon sana'a, tambayar farko da yake yi ita ce ko maigidan bahago ne, in kuma aka ce da mutum ba bahago ba ne, to ya nemi wani garin. Tafinta na juyawa, tsohon na gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin 'yan'uwansa da bai taɓa gani ba. Sai ta ga kafaɗunsa na motsi. Dariya yake yi, marar sauti, hawaye na bin gemunsa, bai ko damu ya share ba.

Ta ce bari ta sake gwadawa, sai mutumin nan ya yarda. Ya riƙe mata hannu.

“Ƙyale shi, Uwata. Tunda ya ce ta kakanninsu ce, bar musu.”

Ya miƙa wa Magini hannun hagu, ya tuna, ya sauya, suka gaisa. A hanyar komawa ta lura ya zauna a miƙe, har yana gaya wa mai motar cewa birkinsa na baya yana kama gefe ɗaya.

Ranar hutun mako Auta ya jingina tsani a goshin rumfa, ya buɗe gwangwani, ya juya fentin da tsinke. Tafinta ta zo da shirin faɗa, don ta tabbata yanzu uban zai hana. Sai ga tsohon ya iso da sandarsa, abin da ya daɗe bai yi ba, ya zauna a kan taya, ya ɗaga kai ya kalli allon. Auta ya riga ya ji labarin asibiti a bakin Mama, ya ce in Baba ya fasa shi ma ya fasa, a bar allon, ai yanzu abin alfahari ne, har ma a sabunta rubutun. Tafinta ta saki ajiyar zuciya. Uban ya girgiza kai ya ce a goge.

Duka biyun suka zuba masa ido.

“Rannan na ce ka goge sunan nan don kada ya ja maka kunya,” in ji shi. “Yau ina cewa ka goge don kada ka ja masa. Akwai masu amfani da shi a wani gari, kai kuma ba ka sauka gangare.”

Auta ya tsaya a kan tsani da burushi a hannu, fenti na ɗiga a kan takalminsa. Ya buɗe baki zai kawo maganar zamani, ya dubi uban, ya rufe. Tafinta ta ji tausayin ƙanenta, amma ko kusa ba ta sa baki ba, don tunda take ba ta taɓa ganin ubanta ya yi mata kwarjini kamar a kan tayar nan ba. Sannan Auta ya sauko, ya rufe gwangwanin, ya buga murfin da dunduniya da ƙarfin da bai kamata ba, ya ce rana ta yi zafi, fenti ba zai kama da kyau ba, sai wani makon.

Wani makon bai zo ba har yau. Da yamma Auta kan shigo gida jiƙe da zufa, yana tsine wa wanda ya fara yanka titi a kan tudu, yana cewa direbobi sun ishe shi da dariya, motoci biyu sun gudu rumfar maƙwabta kafin ya hawo daga gada. Uban yana kujerarsa a ƙofar gida, ba ya ce masa sannu, ba ya ce masa madalla. Tambayarsa kawai yake yi ko ya ji wani abu a kwanar tsakiya, sannan ya ɗaga murya ya ce wa Mama ta ɗora wa yaron nan ruwa.